Thomas Hunt Morgan (1866-1945): Malamin Da Ƙuda Ya Kayar A Gardama

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa barin ɓawon ayaba ko ƙwallon mangwaro ya kwana biyu a ɗaki, ya san wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje masu jajayen idanu da kan taru a kai. Ba su kai ƙudan gida girma ba, ba sa cizo, tsawonsu bai wuce milimita 3 ba. Ni dai a da ban ɗauke su a bakin komai ba. Wata rana wani abokina mai karatun ilimin halittu ya shigo ɗakinmu ya tarar ina korarsu da littafi, sai ya yi dariya, ya shaida mini cewa abin da nake kora ya jawo wa masana lambar yabo ta Nobel ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na yi masa musu sosai, har na ce yana raina mini hankali ne don ni ba ɗan kimiyya ba ne. Bai ja da ni ba. Washegari ya kai ni ɗakin gwaje-gwajensu ya nuna mini su cikin kwalabe, kowace kwalba da lambarta. Gani ya kori ji, dole na janye maganata.

Daga nan ne na shiga karance-karance a kan wannan ƙuda, wanda masana ke kira Drosophila melanogaster, ni kuwa zan kira shi ƙudan ayaba a wannan maƙala. Duk inda na buɗe sai na ci karo da sunan mutum ɗaya, wato Thomas Hunt Morgan. Abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne, shi ma da musu ya fara. Ya shafe shekaru yana ƙaryata wani ra'ayi a bainar jama'a, sai ga shi gwajin da ya yi da hannunsa ya tabbatar da wannan ra'ayi. Maƙalar za ta kawo tarihin rayuwarsa a taƙaice, sannan ta nuna yadda aikinsa ya buɗe ƙofar binciken ƙwaƙwalwa da ɗabi'a.

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Morgan ranar 25 ga Satumba, 1866, a garin Lexington na jihar Kentucky a ƙasar Amurka, shekara ɗaya bayan ƙarewar yaƙin basasar ƙasar. Ɗan babban gida ne ta kowane ɓangare. Baffansa, John Hunt Morgan, janar ne a rundunar Kudu, wato ɓangaren da aka ci da yaƙi. Mahaifinsa, Charlton Hunt Morgan, ya taɓa zama ƙaramin jakadan Amurka a birnin Messina na tsibirin Sisili. Mahaifiyarsa kuma, Ellen Key Howard, jika ce ga Francis Scott Key, mutumin da ya rubuta baitocin taken ƙasar Amurka. Sai dai yaƙin ya karya arzikin gidan, saboda haka yaron ya tashi da suna babba amma aljihu ba nauyi.

Tun yana ƙarami hankalinsa bai karkata ga labaran yaƙin da ake alfahari da su a gidansu ba. Daji ya fi so. Yakan tara ƙwan tsuntsaye da malam-buɗe-littafi da duwatsu masu ɗauke da sawun halittun da suka shuɗe. Ya shiga Kwalejin Jihar Kentucky, wadda a yau ta zama Jami'ar Kentucky, ya kuma sami digirinsa na farko a 1886. A lokutan hutu yakan bi ma'aikatan binciken ƙasa da duwatsu cikin tsaunukan jiharsu.

Karatunsa da Aikinsa na Farko

Daga Kentucky sai ya wuce Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, inda ya yi karatu a ƙarƙashin Farfesa William Keith Brooks. Ya sami digiri na uku a 1890, bayan ya yi nazari a kan wasu halittun teku masu kama da gizo-gizo. Fannin da ya ƙware a kai shi ne ilimin ɗan tayi, wato yadda ƙwai guda ɗaya ke rarrabuwa har ya zama cikakkiyar halitta mai kai da ƙafa.

A 1891 ya fara koyarwa a Bryn Mawr, wata kwalejin mata da ke kusa da birnin Philadelphia, inda ya yi shekara 13. A cikin wannan lokaci ne ya je cibiyar nazarin halittun teku ta Naples a Italiya, tsakanin 1894 da 1895, ya yi aiki tare da wani Bajamushe mai suna Hans Driesch. Wannan tafiya ta sauya masa tunani. Kafin nan, yawancin masana halittu kallo suke yi su zana abin da suka gani, sannan su gina bayani a kai. A Naples ya ga ana taɓa ƙwai, a raba shi, a girgiza shi, a ga abin da zai faru. Ya dawo gida da aƙida ɗaya wadda bai saki ba har ƙarshen rayuwarsa: duk bayanin da ba a iya gwada shi, zance ne kawai, komai girman wanda ya faɗe shi.

Ya rubuta littafi a kan ƙwan kwaɗo a 1897, da wani a 1901 a kan yadda wasu halittu ke sake tsirar da gaɓar da aka yanke musu, kamar yadda wutsiyar ƙadangare kan sake fitowa. A 1904 ya auri Lilian Vaughan Sampson, wadda ita ma masaniyar halittu ce da ta yi karatu a Bryn Mawr. A wannan shekara ce kuma ya koma Jami'ar Columbia da ke birnin New York, inda amininsa Edmund Wilson ke shugabantar sashen nazarin dabbobi.

Morgan Mai Gardama

Don mai karatu ya fahimci gardamar da Morgan ya shiga, sai mun ɗan koma baya. A 1866, wato shekarar da aka haife shi, wani limamin Kirista mai suna Gregor Mendel ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi da wake a lambun gidan ibadarsu da ke Brno. Mendel ya nuna cewa kowace siffa tana da wasu ƙwayoyin gado guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma wata takan danne wata. Wadda aka danne ba ta ɓacewa, takan ɓuya ta sake bayyana a jikoki. Misalin da muka fi sani a ƙasar nan shi ne cutar sikila: iyaye biyu masu AS lafiyarsu ƙalau, amma kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ba a kula da aikin Mendel ba sai a 1900, bayan mutuwarsa da shekara 16.

Tambayar da ta biyo baya ita ce, a ina waɗannan ƙwayoyin gado suke zaune a jiki? Jikin kowace halitta an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a tsakiyar kowace ɗaya akwai wasu abubuwa masu kama da zare da ake kira kuromosom. A tsakanin 1902 da 1903, Walter Sutton a Amurka da Theodor Boveri a Jamus suka ce a kan waɗannan zaruruwa ne gado yake. A 1905 kuma Nettie Stevens, wadda tsohuwar ɗalibar Morgan ce, ta nuna cewa kuromosom ne ke bambanta namiji da mace a wani irin ƙwaro. Wilson ma ya gano haka a nasa binciken.

Morgan bai yarda ba, duk da cewa ɗalibarsa da amininsa ne suke faɗa. A ganinsa, mabiya Mendel suna ƙirƙirar ƙwayoyin da ba wanda ya taɓa gani: in ɗaya bai warware lissafi ba sai su ce biyu ne, in biyu sun gaza su ce uku. Ya faɗi haka ƙarara a wata takarda a 1909. Tun a 1903 ma ya riga ya rubuta littafi yana sukar bayanin Darwin game da yadda sababbin nau'o'in halittu ke samuwa sannu a hankali. Ra'ayin da ya fi kwanta masa shi ne na Hugo de Vries, wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Holan, wanda ya ce sabon nau'i kan ɓullo ne kwatsam, a tsalle ɗaya. Don ya ga irin wannan tsalle a jikin dabba da idonsa ne ya fara kiwon ƙudan ayaba wajen 1908.

Ƙuda Mai Farin Ido

Ba Morgan ne ya fara kai wannan ƙuda ɗakin gwaje-gwaje ba, domin William Castle ya riga shi a Jami'ar Harvard. Amma dalilan zaɓensa a fili suke. Abincinsa ruɓaɓɓiyar ayaba ce, gidansa kwalbar madara. Daga ƙwai zuwa babban ƙuda kwana 10 ne kacal in akwai ɗumi, kuma mace ɗaya takan yi ɗaruruwan ƙwai. Abin da mai kiwon shanu zai jira shekaru kafin ya gani, mai kiwon ƙuda zai gan shi cikin wata guda.

Duk da haka, shekara biyu suka wuce ba wani abin kirki. Ɗalibinsa Fernandus Payne ya yi kiwon ƙudajen a cikin duhu zuriya bayan zuriya, don a ga ko idanunsu za su mutu, amma idanun suka ƙi mutuwa. Morgan ya gwada zafi da sanyi da gishiri da sinadarai iri-iri, ƙudajen suna nan yadda suke. Har ya fara ganin ya yi asarar lokacinsa.

A 1910 sai ga wani namijin ƙuda a cikin wata kwalba, idanunsa farare maimakon ja. Morgan ya haɗa shi da mata masu jan ido, ya sami 'ya'ya 1,237 masu jan ido. Ya haɗa 'ya'yan a junansu, sai farin ido ya dawo a jikoki, kamar dai yadda Mendel ya faɗa. Da ya ƙirga, sai ya sami mata masu jan ido 2,459, maza masu jan ido 1,011, da maza masu farin ido 782. A cikin jikokin nan babu mace ko ɗaya mai farin ido.

A nan ne gizo ke saƙa. Me ya haɗa launin ido da zama namiji? Macen ƙuda tana da kuromosom biyu da ake kira X, namiji kuwa X ɗinsa ɗaya ne, kuma daga uwa yake samunsa. In har ƙwayar gadon farin ido tana zaune a kan X, to jikanya mace tana da X na biyu mai jan ido da zai rufa mata asiri, namiji kuwa ba shi da abin rufi, duk abin da uwa ta ba shi sai ya bayyana. Lissafin ya yi daidai ba tare da an ƙirƙiri komai ba. Ta wannan hanya ce ake gadon rashin bambance launin ja da kore a cikin mutane, da cutar rashin daskarewar jini, shi ya sa suka fi kama maza.

Morgan ya wallafa sakamakon a mujallar Science a watan Yulin 1910. Abin dariya shi ne, a watan Agusta na wannan shekara wata doguwar takardarsa da ya aika tun da farko ta fito a wata mujalla, tana nuna shakku a kan cewa kuromosom ne ke ɗauke da gado. Mutum ɗaya, takardu biyu, kowace tana jan nata gefe. Yana da shekara kusan 44 a lokacin, farfesa ne da ake jin maganarsa, kuma yana iya neman hanyar kare tsohon matsayinsa. Bai yi haka ba. Ya ci gaba da gwaji, wasu ƙudajen masu sauyin halitta suka yi ta fitowa, masu gajeren fiffike da masu rawayan jiki, su ma suna bin X. Kafin ƙarshen 1911 ya riga ya zama babban mai kare ra'ayin da ya yi shekaru yana suka.

Ɗakin Ƙudaje

Ɗakin da aka yi wannan aiki ƙarami ne, ƙafa 16 a faɗi, ƙafa 23 a tsawo, an cusa tebura takwas a ciki. Warin ayaba ya cika shi, ga kyankyasai, ga ƙudajen da suka kuɓuce suna yawo. A nan Morgan ya tara wasu samari uku da suka zama ginshiƙan aikin. Calvin Bridges wankin kwalabe aka ɗauke shi yi, amma kaifin idonsa ya sa ya hango wani ƙuda mai sabon launin ido ta cikin gilashin kwalba, daga nan ya sami tebur. Alfred Sturtevant ya zo ne da ɗan rubutunsa a kan gadon launin dawaki. Na uku shi ne Hermann Muller.

Morgan ya lura cewa siffofin da ke kan kuromosom ɗaya sukan tafi tare, amma wani lokaci sukan rabu. Ya ɗauki hasken da wani masani ɗan Beljiyam, Frans Janssens, ya bayar a 1909, cewa zaruruwan kan naɗe juna su yi musayar gutsattsari, sai ya ce ƙwayoyin gadon da ke nesa da juna sun fi saurin rabuwa a kan waɗanda ke maƙwabtaka. Sturtevant, yana ɗalibin digiri na farko ɗan kimanin shekara 20, ya ga cewa in haka ne ana iya auna tazarar. Ya kwashi alƙaluman ya tafi gida, ya ajiye aikin makaranta, ya kwana yana lissafi. Kafin gari ya waye ya zana taswirar gado ta farko a duniya, wadda aka wallafa a 1913. Har yau ma'aunin da ake amfani da shi a irin wannan taswira sunan Morgan yake ɗauke da shi.

A 1915 su huɗun suka fitar da littafi a kan yadda gadon Mendel ke aiki, a 1916 kuma Bridges ya kawo hujjar da ta rufe bakin sauran masu shakka, inda ya nuna cewa duk ƙudan da gadonsa ya saɓa wa ƙa'ida, in aka duba a na'urar ganin ƙananan halittu, za a tarar kuromosom ɗinsa ma ya saɓa. Wata al'adar ɗakin da ta taimaka ƙwarai ita ce, duk masanin da ya nemi irin ƙudajensu, a ko'ina yake, sukan aika masa kyauta.

Ba za a ce ɗakin ba shi da matsala ba. Da yake kowa na jefa shawara a fili, da wuya a san wanda ya fara kawo wace dabara. Muller ya daɗe yana ganin an tauye masa haƙƙi, kuma ya bar ɗakin da ɗaci a zuciya. Daga baya, a 1927, ya nuna cewa hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi yana haddasa sauyin gado, aikin da ya ba shi tasa lambar Nobel a 1946.

Halinsa, Iyalinsa da Rasuwarsa

Waɗanda suka zauna da Morgan sun bayyana shi a matsayin mutum mai barkwanci wanda bai damu da ado ba, har yakan ɗaure wando da igiya in bai ga bel ba. Yakan yi lissafin ƙudajensa a bayan tsofaffin ambulan. Yana da tsumulmula da kuɗin ma'aikata, amma hannunsa a sake yake da nasa, domin yakan tallafa wa ɗalibai a ɓoye.

A zamaninsa an yi wata guguwa a Amurka ta masu cewa talauci da aikata laifi da ƙarancin basira duk gado ne, saboda haka a hana wasu mutane haihuwa. An yi dokoki a jihohi da dama, kuma an yi wa mutane fiye da 60,000 aikin hana haihuwa ba da son ransu ba. Da farko sunan Morgan yana cikin wani kwamiti na ƙungiyar da ke da alaƙa da wannan tafiya, amma ya janye a 1915, kuma a 1925 ya rubuta cewa hujjojinsu ba su da ƙwari, tunda ba su raba tasirin gado da na muhalli ba. A ganina, mutum mai nauyin baki irinsa ya kamata ya ɗaga murya fiye da haka, kuma tun da wuri.

Shi da Lilian sun haifi 'ya'ya huɗu. Lilian ta ajiye bincike na tsawon shekaru don renon yara, da ta dawo kuma ta gano wani irin ƙuda mai X biyu a manne, wanda ya zama babban makami ga masu binciken gado. Autarsu, Isabel Morgan, ta zama masaniyar ƙwayoyin cuta, kuma a shekarun 1940 ta gwada allurar rigakafin shan inna a jikin birai a Johns Hopkins.

A 1928, yana da shekara kusan 62, Morgan ya koma Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, wadda aka fi sani da Caltech, don ya kafa sashen ilimin halittu. Ya tafi da Sturtevant da Bridges. A 1933 aka ba shi lambar Nobel a fannin likitanci, shi kaɗai, sai ya raba kuɗin tsakanin 'ya'yansa da 'ya'yan Sturtevant da na Bridges. A ƙarshen rayuwarsa ya koma ga ƙaunarsa ta farko, wato ƙwan halittun teku. Ya rasu ranar 4 ga Disamba, 1945, a garin Pasadena, yana da shekara 79.

Daga Launin Ido Zuwa Ƙwaƙwalwa

Morgan bai yi binciken ƙwaƙwalwa ba, amma a ɗakinsa aka shuka irin. Tun a 1915 Sturtevant ya yi rubutu a kan yadda namijin ƙuda ke neman mace: yakan bi ta, ya miƙa fiffike ɗaya yana kaɗawa. Daga baya aka gano cewa sauti yake yi mata, kuma kowane nau'in ƙuda da irin nasa kiɗan. A 1918 wani ɗalibi a Columbia, Robert McEwen, ya lura cewa ƙudaje lafiyayyu kan ruga wajen haske, amma wani iri mai sauyin launin jiki bai damu da hasken ba. Wannan ya nuna cewa ƙwayar gado guda tana iya taɓa ɗabi'a, ko da yake ba a bi sawun maganar sosai ba a lokacin.

Wanda ya bi sawun shi ne Seymour Benzer, a sashen da Morgan ya kafa a Caltech, yayin da Sturtevant yake raye yana tsoho. A 1967 Benzer ya ƙera wata na'ura ta bututun gilashi mai tace ƙudaje gwargwadon yadda suke bin haske. Dabararsa irin ta Morgan ce: a nemo ƙudan da ya fita daban, a gano ƙwayar gadon da ta sauya, sannan a bi ta har cikin jijiyoyi. A 1971 shi da ɗalibinsa Ronald Konopka suka sami ƙudaje iri uku da agogon jikinsu ya lalace. Na farko ranarsa awa 19 ce, na biyu awa 28, na uku kuwa ba shi da dare ba shi da rana. Duka ukun ƙwayar gado ɗaya ce ta sauya, wadda suka raɗa wa suna period. Da aka duba mazauninta a taswira, sai aka same ta a kan X, dab da ƙwayar farin idon da Morgan ya gano a 1910. Masana uku da suka warware yadda wannan agogo ke aiki, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun sami Nobel a 2017, kuma an tabbatar cewa irin agogon ne ke tsara barcinmu da farkawarmu. A ƙwaƙwalwar ƙuda, ƙwayoyin jijiya kimanin 150 ne ke riƙe da shi.

Haka kuma, a 1974 ɗakin Benzer ya nuna cewa ƙuda yana koyo. In aka haɗa wani ƙamshi da ɗan jan lantarki, sai ya riƙa guje wa ƙamshin. A 1976 suka sami wanda ba ya iya riƙe darasin, suka sa masa sunan da ke nufin daƙiƙi, kuma ta hanyarsa aka gano ɗaya daga cikin sinadaran da ƙwaƙwalwa ke amfani da su wajen ajiye abin da aka koya. Wani ƙudan da ƙafafunsa ke karkarwa in an shaƙa masa maganin sa barci shi ya kai masana, a 1987, ga gano ƙirar wata 'yar ƙofa da sinadarin fotasiyam ke bi a jikin jijiya, wadda irinta ke aiki a jijiyoyinmu da zuciyarmu. Wani kuma da ke makancewa in haske ya daɗe a kansa, shi ya buɗe hanyar gano dangin ƙofofin da ɗaya daga cikinsu ke sa mu ji zafin barkono. A 2000 aka tabbatar cewa ƙuda yana barci, kuma in an hana shi sai ya rama. A wannan shekara ce aka kammala karanta ƙwayoyin gadonsa, kimanin 14,000, aka kuma ga cewa kusan kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin gadon da aka sani suna jawo cuta ga ɗan Adam suna da takwarorinsu a jikinsa.

Wani babban mataki ya zo ne a watan Oktoban 2024, lokacin da gungun masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Princeton, tare da abokan aikinsu na Cambridge a Ingila da wasu wurare, suka wallafa cikakkiyar taswirar ƙwaƙwalwar babbar macen ƙuda. An yanka ƙwaƙwalwar, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, zuwa falle kimanin 7,000, aka ɗauki hoton kowane falle, sannan kwamfuta da mutane suka bi kowace jijiya. Sun ƙirga ƙwayoyin jijiya 139,255 da mahaɗai fiye da miliyan 50. Da wannan taswira ana iya bin saƙo tun daga inda ƙuda ya ɗanɗani sukari har zuwa inda ya miƙa baki ya sha. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, saboda haka tafiyar da saura, amma an sami inda za a fara.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga yadda Morgan ya tashi daga yaro mai tara ƙwan tsuntsaye a Kentucky ya zama uban ilimin gado na zamani, da yadda taswirar da ɗalibinsa ya zana a dare ɗaya ta haifi taswirar ƙwaƙwalwa bayan shekara fiye da 110. Abin da na fi ɗauka a tarihinsa shi ne abin da ya yi tsakanin 1910 da 1911. Da ya tsaya kare sunansa, da wani ne zai gina wannan fage, shi kuwa a tuna da shi a matsayin wanda ya tare hanya. Mu ɗalibai, ko na harshe ko na kimiyya, mun san yadda yake da nauyi mutum ya tsaya gaban jama'a ya ce abin da ya faɗa jiya ba daidai ba ne, balle a ce ɗalibarsa ce ta riga shi gane gaskiya.

Wani abin da abokina ya ƙara mini shi ne, asalin wannan ƙuda daga nahiyarmu ta Afirka yake, kudu da Sahara, kafin ya bi mutane da 'ya'yan itatuwansu ya zagaye duniya. Har yanzu nakan zubar da ɓawon ayaba don tsabtar ɗaki, amma kafin in zubar nakan ɗan sunkuya in duba launin idanun waɗanda suka taru a kai. Zuwa yau dai duk jajaye nake gani.